Kawuna na Damagaram yana son kallon wasan daɓe, ina zan kai shi a Kaduna?

Abban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata tambaya ce ta hana ni sukuni tun shekaranjiya. Kawuna, yayan mahaifiyata, zai zo daga Damagaram farkon watan gobe, zai yi kwana goma a wurina a Unguwar Dosa saboda ganin likitan ido. Tsohon malamin makaranta ne, kuma zamanin samariya, wato ƙungiyoyin matasa na Nijar, lokacin mulkin Seyni Kunce, yana cikin masu yin abin da su can suke kira teyatur. Da muka yi waya sai ya ce, "Ɗana, abu ɗaya nake so in na zo. Ka kai ni inda ake wasan kwaikwayo na daɓe, in zauna in ga mutane da idona, ba cikin akwatin talabijin ba. Ai Kaduna ce uwar abin." Na ce masa to, don ba a yi wa babba musu. Da na ajiye waya sai na tuna ni kaina, shekara talatin da ɗoriya a garin nan, ban taɓa yankar tikiti na shiga kallon wasan daɓe ba. Ina ake yi? Wace ƙungiya ke yi? Ko Zariya ce ko Kafanchan zan iya kai shi, mota ba matsala ba ce.

Dan_Kawo77:
Wa alaikumus salam. Kai shi Ƙofar Gamji ya sha iskar bakin kogi, ya ga gadar Gwamna Lugga, ku ci tsire ku dawo gida. Wasan daɓe kam ya bi mazan jiya.

Maman_Ilham:
Haba Ɗan Kawo, mutum ya tambayi hanyar Zariya ka nuna masa ta Kachia. Abban Khalifa, Samaru za ka kai shi, cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙanwata a can ta yi karatun wasan kwaikwayo, na je kallon wasansu na jarrabawa har sau biyu. Wallahi na manta ma ɗalibai ne.

Malamin_Samaru:
Maman Ilham ta faɗi gaskiya, bari in ƙara bayani don na daɗe a unguwar.

Wurin da take nufi shi ne wanda kowa a jami'ar ke kira Drama Village. In ka shiga babbar ƙofa ka tambayi kowane ɗalibi da wannan sunan, zai nuna maka. Ba irin ɗakin taron da ka saba gani ba ne mai dogon layin kujeru da labule a gaba. Ginin ƙasa ne, an tsara shi kamar gidan Bahaushe: katanga, ɗakuna zagayayyu masu rufin ciyawa, da fili a tsakiya. Wani wasan a tsakiyar fili ake yin sa 'yan kallo su kewaye, wani kuma a ja kujeru gefe ɗaya. Ɗan wasa yakan fito daga bayanka, ya wuce ta kusa da kafaɗarka. An gama ginin wajen 1976, jim kaɗan bayan an fara koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar a 1975. Mutumin da ya yi teyatur a filin samariya zai ji kamar ya dawo gida, na tabbata.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Ba gidan wasa ba ne na kasuwanci da za ka ce kowace Asabar ƙarfe bakwai akwai wasa. Wurin karatu ne. Wasanni suna yawaita idan zangon karatu ya yi nisa, lokacin da kowane aji zai nuna aikin da za a ba shi maki a kai. In ka je farkon zango, gwaji kawai za ka tarar. In ka je lokacin hutu ko yajin aiki, sai ƙadangaru. Don haka kada ka ɗauki dattijo ku yi tafiyar kusan kilomita 80 a kan ƙila wa ƙala. Nemi wani ɗalibi na sashen, ko ka je da kanka ka duba allon sanarwa mako guda kafin zuwansa.

Sadiq_Barnawa:
Na taɓa ji an ce wani Baturen Ingila ne ya zana ginin nan, shi ne kuma ya kafa sashen.

Malamin_Samaru:
Ka haɗa mutum biyu wuri ɗaya, Sadiq. Wanda ya zana ginin Ba'amurke ne, Steven Ehrlich, yana koyar da zanen gine-gine a jami'ar a lokacin. Wanda ya jagoranci fara karatun wasan kuwa Michael Etherton ne, wanda ya taso daga Jami'ar Zambiya inda ya yi aikin gidan wasan Chikwakwa. Magina kuma namu ne na ƙasar Zazzau, su suka san yadda ake cuɗa ƙasa da dasa tubali. Su ne ba a cika ambata ba.

Hajiya_Rabi_TW:
Ni dai tambayata, da wane harshe ake wasan? Kada a kai bawan Allah ya zauna awa biyu ana zuba masa Turanci, shi da ya yi boko da Faransanci.

Ummi_Kongo:
Hajiya kin taɓo wuri mai muhimmanci. Ni ɗaliba ce a Zariya, ba a sashen nake ba amma ina zuwa kallo. Yawancin wasannin da Turanci ne, wasu da Turancin buroka, sai a sirka Hausa da waƙoƙi da raye-rayen ƙabilu daban-daban. Wanda bai jin Turanci zai fahimci rabi da ido, musamman in wasan rawa ne. Amma in yana son Hausa zalla, ya fi dacewa a nemi lokacin da ɗaliban sashen harsunan Afirka ke bikin makon Hausa, ko lokacin da 'yan sashen wasa suka fita ƙauye. A ƙauye dole su yi da Hausa, ba su da zaɓi.

Baba_Na_Rigasa:
Yarinyar nan ta tuna mini da abu. Fita ƙauyen nan ba sabon abu ba ne, shi ne ma abin da ya fitar da sunan Zariya a duniya. Tun ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗalibai suke zuwa Soba da Maska da Bomo, su zauna da manoma, su ji abin da ke damunsu, takin zamani ne ko rikicin gona ko rashin ruwa, sannan a haɗa wasa tare da mutanen garin a yi shi a dandali. A tsakiyar wasa sai a tsaya a tambayi 'yan kallo, to ku da ku ne wannan manomin me za ku yi? Mutum ya tashi daga cikin taro ya shiga fili ya nuna. Salihu Bappa da Oga Steve Abah suna cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki shekara da shekaru. Yau ƙungiyoyin agaji da ke wasan wayar da kai kan rigakafi ko zaman lafiya a tasha da kasuwa, sawun waɗancan suke bi, ko sun sani ko ba su sani ba.

Abban Khalifa, kawunka bai yi kuskure ba da ya ce Kaduna ce uwa. Sai dai uwar a gidan rediyo take zaune. Tun da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, muryar Kaduna ke kaiwa har Damagaram da Agadas. Abin da ya ji yana saurayi ke nan. Ya ɗauka wanda ke da irin waɗannan 'yan wasa dole yana da gidajen wasa a kowace unguwa.

Dan_Kawo77:
Allah ya jiƙan Samanja. Da yana raye da an kai kawu ya gaishe shi, ya wadatar. Shi da Kasimu Yero da Ƙarƙuzu, Kaduna ta yi maza.

Jos_Ta_Fi:
Dakata malam. Ƙarƙuzu namu ne na Jos, gidan talabijin na Jos ya yi wasansa. Ku riƙe Samanja da Kasimu Yero, ba mu yi muku gardama ba, amma kada a yi mana fashi da rana tsaka.

Dan_Kawo77:
To na mayar maka da kayanka, Allah ya huci zuciyarka.

Jos_Ta_Fi:
Tun da an taɓo mu, in faɗa wa mai tambaya: in da gaske ƙungiyar wasan daɓe ta ƙwararru yake nema wadda ba ta makaranta ba, Jos Repertory Theatre tana nan tun 1997, Patrick-Jude Oteh ya kafa ta, kuma ta yi suna da bikin wasanni na shekara-shekara a Jos. Da Turanci suke yawancin wasanninsu, wannan kam gaskiya ne.

Maman_Ilham:
Dattijo mai ciwon ido za a ɗora a hanyar Jos saboda wasa? A bar shi a Zariya don Allah.

Baba_Na_Rigasa:
Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya rasu a Nuwamban 2023, Kasimu Yero kuma a Satumban 2017. Allah ya gafarta musu. Abin da nake so matasa su gane, waɗannan mutane ba kyamara ce ta koya musu wasa ba. Duk wanda ya ga yadda Samanja ke tsawa yana cakuɗa Hausar barikin soja da Turanci ya san mutumin ya san yadda ake riƙe taro. Tsohon soja ne na gaske kafin ya zama sojan wasa.

Tsohon_Dan_Dirama:
Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba, don abin yana taɓa ni. Ni na yi wasan daɓe a garin nan, ba labari aka ba ni ba. Muna da ƙungiya a Tudun Wada a ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990. Ba mu kaɗai ba, kusan kowace babbar unguwa akwai irinmu. Tela ne, makanike ne, ma'aikacin masaƙa ne, malamin firamare ne. Bayan la'asar mu haɗu a ajin wata makarantar firamare mu yi gwaji har magariba. Ba mu rubuta wasa kalma da kalma. Shugaba zai ba da labari, a raba fitowa-fitowa, kowa ya san inda zai shiga da inda zai kai magana, sauran kuma basirarka. In Sallah ta matso mu kama ɗakin taro, mu buga tikiti, mu ɗaura lasifika a kan bas mu zaga unguwanni muna shela. Matsalarmu ta kullum mata. Iyaye ba sa barin 'ya'yansu, sau da yawa namiji ke ɗaura zane da kallabi, kuma abin dariya shi ya fi samun tafi.

Abu uku suka kashe mu, a ganina. Na farko bidiyo. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, kowa ya ga cewa wasan da za ka yi dare ɗaya mutum ɗari biyu su gani, in ka ɗauke shi a kaset zai shiga ɗakin matan aure da ba za su taɓa zuwa kallonka ba. Gwanayenmu ɗaya bayan ɗaya suka bi kyamara, ban kuma ga laifinsu ba. Na biyu masaƙu. Masu sayen tikitinmu ma'aikatan Kakuri ne da suke da albashi a ƙarshen wata. Da masaƙar KTL ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007, wa ke da kuɗin kallo? Na uku kuwa kowa ya sani. Daga rikicin 2000 garin ya rabu, kogi ya zama iyaka, aka yi ta dokar hana fita. Wasan daɓe abin dare ne, kuma yana son mutumin Kawo ya zauna kusa da mutumin Sabon Tasha ba tare da yana waige ba.

Na gwada farfaɗo da abin shekarun baya da wasu yara. Muka yi wata biyu muna gwaji, muka ba da kafin alƙalami a wani ɗakin taro. Saura kwana huɗu mai kula da wurin ya kira ni ya ce a yi haƙuri, masu biki sun biya ninkin namu. Ya mayar mana da kuɗinmu cif, amma takardun talla da muka buga fa? Daga ranar na rataye.

Sadiq_Barnawa:
Baba wannan labari ya sosa mini rai. Amma ina ganin akwai abin da ake mantawa da shi a wannan zance. Duk wanda ya ce ba a wasan daɓe a Kaduna bai tsallaka gada ba. Ku zo Barnawa, Narayi, Television, Sabon Tasha lokacin Kirsimeti ko Ista. Kusan kowace majami'a tana da ƙungiyar dirama ta matasa, kuma da yawa da Hausa suke yi, Hausa mai daɗi ma. Ranar Juma'ar da ke kafin Ista matasan Katolika kan yi wasan a kan titi, da kayan sojan Rum da komai. Maƙwabtana ne, ina ganin yadda suke gwaji kamar za su ci jarrabawa.

Hajiya_Rabi_TW:
Haka ma Islamiyyu. Ranar saukar Alƙur'ani ko bikin ƙarshen shekara yara kan yi tamsiliyya, wata da Larabci wata da Hausa. Jikata ta fito a matsayin uwar miji mai faɗa, har na ce wa uwarta a ina yarinyar nan ta ga wannan, don ba a gidana ba.

Abu_Huzaifa:
Ni kam ina ganin raguwar abin nan alheri ne. Cakuɗuwar maza da mata, kiɗa, namiji ya sa kayan mata kamar yadda wani ya faɗa da bakinsa a sama. Ga abin da gidajen gala suka zama. A kai dattijo wajen karatu ko ziyarar malamai ya fi.

Ummi_Kongo:
Malam Abu Huzaifa, da girmamawa, gidan gala daban, wasan daɓe daban. Wannan haɗa su da ake yi shi ya sa in yarinya ta ce tana karanta wasan kwaikwayo a jami'a sai a riƙa kallon ta wani iri. A gala ana sa waƙa a yi rawa a yi liƙi. A daɓe labari ake bayarwa, sau da yawa ma wa'azi ne a fakaice kan cin hanci ko auren dole ko shaye-shaye.

Tsohon_Dan_Dirama:
Malam, ni na faɗi maganar kallabi, kuma ban ɓoye ba. Amma ka sani 'yan gala sun ɗauki sunan "dirama" sun liƙa a ƙofarsu, mu muka kwana a ciki. Wannan ma ya kamata in sa shi na huɗu a lissafina. Malam Aminu Kano da kansa ya rubuta wasanni ya sa ɗalibai suka yi don ya farkar da talakawa. Kayan aiki ne, kamar wuƙa.

Abu_Huzaifa:
Na ji bambancin, ban kuma ce kowa ɗaya ba ne. Ina nan a kan cewa a kiyaye iyaka.

Zazzau_Gidan_Ilimi:
Ku bar wannan, ba za ku gama ba. Ni abin da ya fi ba ni mamaki, duk muna magana kamar sai an gina ɗaki an sa fitila sannan ya zama wasan kwaikwayo. Mutumin Damagaram fa ake magana, garin wasan kara, inda samari ke kwaikwayon sarki da hakimai da manyan gwamnati da kayan da aka ƙera da karan dawa. Mu ma muna da irinsa. Wasan gauta da matan fada ke yi suna kwaikwayon sarki da fadawansa. Kalankuwa bayan kaka, wadda ta Bomo kusa da Samaru ta yi suna. 'Yan kama da ke zama kamar malamai suna jan baƙi, alhali duk karatun a kan tuwo da miya ne. Uwa uba tashe: daga goma ga azumi yara su fito da gemun auduga da tulun ciki na tsumma, wannan Jatau mai magani, wancan tsoho da gemu, 'yan mata suna Mairama da Daudu suna koya wa juna zaman aure. Akwai ɗan wasa, akwai kayan wasa, akwai 'yan kallo, har da kuɗin kallo, tun da sai ka ba da sadaka. Me ya rage?

Dan_Kawo77:
Abin da ya rage shi ne kawu watan gobe zai zo, azumi kuwa da saura. Ko za ka tara masa yara su yi tashe ba a azumi ba, a ce ya zo da bidi'a daga Nijar?

Zazzau_Gidan_Ilimi:
Kai dai ba ka rabo da tsokana. Abin da nake nufi, wanda zai kawo baƙo ya fara duba kalanda kafin ya duba taswira. A ƙasar nan wasa lokaci yake bi, ba gini ba. Azumi, tashe. Sallah, hawan Zazzau, har da hawan Bariki da hawan Daushe. Ɗaya ga Janairu, bikin Afan a Kagoro. Wajen Ista, Tuk-Ham a Kwoi. Ranar 27 ga Maris kuma ranar wasan kwaikwayo ce ta duniya, 'yan ƙungiyar masu wasan kwaikwayo ta ƙasa, NANTAP, da sassan jami'o'i sukan yi wani abu a ranar.

Kande_Kafanchan:
Na gode da ka ambaci namu. Amma in gyara wa mai tambaya tun da ya sa Kafanchan a lissafi: Afan da Tuk-Ham bukukuwan al'ada ne, raye-raye, maharba, kaɗe-kaɗe, jerin gwano. Suna da kyau ƙwarai, Kagoro ma ga dutse ga sanyi. Amma ba wasan da ake zama a bi labari daga farko zuwa ƙarshe ba ne. In ba lokacinsu ba ne, abin da za ka samu a wajenmu shi ne na majami'u da na makarantu, kamar yadda Sadiq ya ce.

Malamin_Samaru:
Ina tare da Kande. Kuma Zazzau Gidan Ilimi, ban ƙi maganarka ba, a aji ma da tashe da wasan gauta ake fara darasin tarihin wasan Hausa. Sai dai kada mu fake da su. Hawan Sallah ba ya maye gurbin gidan wasa. Legas tana da babban gidan wasa na ƙasa a Iganmu da aka gina saboda bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, na 1977. A wannan bikin dai Kaduna ce ta karɓi babban hawan dawaki, aka gina otal ɗin Durbar saboda baƙi. Wato su aka ba su daɓe, mu aka ba mu filin sukuwa da masauki. Otal ɗin ma an rushe shi a 2020. Ba wai ba mu da abin nunawa ba ne a lokacin: Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun riga sun mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan daɓe, an buga shi a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa. Kafin su ga Shu'aibu Maƙarfi, ɗan jihar nan, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya san su. Rubutattun wasanni muna da su. Yaushe rabon da wani a nan ya ga an ɗora ɗaya daga cikinsu a daɓe, ba a karanta shi don jarrabawa ba?

Maman_Ilham:
Mu mun yi Jatau Na Kyallu a makarantarmu ta kwana, ni ce ma na fito a maƙwabciya. Da zannuwan gado muka yi labule.

Injiniya_Bash:
Ina bin ku tun ɗazu, amma har yanzu ba a ba bawan Allah nan amsar cikin garin Kaduna ba. Bari in gwada. Wuraren da in za a yi wasa ko bikin al'adu aka fi kai shi: Ƙofar Gamji, wato wurin shaƙatawa na Hassan Usman Katsina, Dandalin Murtala da ɗakin taron da ke cikinsa, ɗakin taro na Gidan Arewa a titin Rabah, harabar gidan tarihi na ƙasa a titin Ali Akilu, da Jami'ar Jihar Kaduna a titin Tafawa Ɓalewa, inda su ma ake koyar da wasan kwaikwayo kuma ɗalibai kan nuna aikinsu. Akwai kuma cibiyar Alliance Française, wadda ga mai jin Faransanci kamar kawu za ta yi daɗin ziyara. Duk waɗannan wurare ne da ake kai wasa, ba wuraren da wasa ke zaune ba. Jiha tana da 'yan wasanta na hukumar al'adu, amma an fi ganinsu in an yi manyan baƙi ko za a je gasar ƙasa. Kaduna ma ta karɓi wannan gasar, NAFEST, a 2017, shekarar da aka fara bikin littattafai da fasaha na KABAFEST.

Shawarata: ka fara da jami'ar jiha tun da tana kusa da kai, ka shiga sashen ka yi sallama ka tambaya. Malaman nan suna murna in wani daga waje ya nuna sha'awa.

Hajiya_Rabi_TW:
Gidan Arewa ko ba wasa a kai shi. Gidan Sardauna ne, mutumin Nijar mai shekarunsa ba zai ƙi ganin wurin ba.

Audu_Direba:
In Samaru za ku, ku fita da wuri. Daga Kawo ka miƙe, in ka kai Kwangila ka ɗauki hanyar Samaru. Wasan ɗalibai yakan kai dare, ni kuwa ba na ba kowa shawarar dawowa Kaduna da tsakar dare da dattijo a mota. Ku kwana a Zariya, da safe ku shiga birni ya ga ƙofar fada da tsohon masallacin Juma'a na Babban Gwani, ku dawo da rana. In lokacin sanyi ne a riƙe masa bargo, wurin a buɗe yake.

Tsohon_Dan_Dirama:
Abban Khalifa, wata shawara ta zo mini. In duk ba a dace da wasa ba, ka kawo shi wurina. Akwai mutum huɗu cikin tsofaffin 'yan ƙungiyarmu da ke raye a Tudun Wada da Rigasa. Mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mu yi masa fitowa biyu cikin tsofaffin wasanninmu, shi ma ya nuna mana irin nasu na samariya. Na daɗe ina son in ji yadda suke yi a can, don an ce su gwamnati ce ke shirya musu gasa tun daga unguwa har ƙasa baki ɗaya.

Dan_Kawo77:
Baba in za a yi wannan a sanar da mu, ni zan kawo lemo. Wa zai ɗaura kallabin?

Abu_Huzaifa:
Ɗan Kawo ka ji tsoron Allah.

Ummi_Kongo:
Abban Khalifa, na tambayi wata ƙawata da ke sashen. Ta ce 'yan ajinsu suna cikin gwaji yanzu, kusan kullum da yamma, amma ba a sa ranar nunawa ba tukuna. Ta ce ko gwajin ne, in aka nemi izinin malaminsu ba a hana baƙo zama, balle a ce tsohon ɗan wasa ne daga Nijar. Ta ce ƙila ma su sa shi ya yi musu magana.

Zazzau_Gidan_Ilimi:
In ya yi musu magana a tambaye shi wasan kara, a naɗa a waya. Irin waɗannan dattawan in sun tafi da abinsu suke tafiya.

Abban_Khalifa:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, ban zaci abin zai kai haka ba. Jibi zan leƙa jami'ar jiha kamar yadda Injiniya ya ce. Ummi, zan turo miki saƙo ki haɗa ni da ƙawar taki. Baba Tsohon Ɗan Dirama, na karanta wa kawu maganarka a waya ɗazu, ya yi dariya har da tari, ya ce a gaya maka shi sarki yake fitowa ko alƙali, kada a ba shi bawan gida. Ya kuma tambaya ko za a samu ganga. Sai dai likita ya ce in aka yi aikin idon zai yi kwanaki ba ya son ƙura da hasken fitila, don haka duk abin da za a yi sai a cikin kwana ukun farko.

Audu_Direba:
To ka sa Zariya rana ta biyu. Ranar farko a bar shi ya huta, hanyar Damagaram ba wasa ba ce.

Tsohon_Dan_Dirama:
Ganga akwai, fatar ce ta saki. Zan kai a ɗaure ta gobe.